Ranar da Aka Mai da Ke Bencin Baya

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Mama Monika,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ce Rahila, 'yarki ta fari. Ba zan tambaye ki lafiyar jiki ba, don inda kike babu ciwo. Mu a nan muna cikin alherin Allah. Jikokinki sun girma, wasu ma har sun ajiye nasu 'ya'yan.

Kwanakin nan ina ganin yaranmu Kirista suna yagar juna a waya kan maganar Maryamu da tsarkaka, ko daidai ne a roƙe su su yi wa mutum roƙo a sama, ko kuwa bautar gumaka ce. Wannan ya jefo aya, wancan ya jefo tasa, a ƙarshe sai zagin iyaye. Su a wurinsu abin hira ne. Ni kuwa na san wannan gardama ido da ido, don ta taɓa shigowa ɗakinmu har ta kusa raba ki da Baba. Shi ya sa na ce bari in rubuto miki, duk mai son leƙawa ya leƙa.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, muna haya a unguwar Nasarawa, a gidan su Inna Kulu. Baba makanikin injin ban-ruwa ne a ma'aikatar gona, kuma dattijo a cocinmu. Ke kuwa 'yar Katolika ce tun haihuwa, a can ƙauyenmu na kudancin Zariya. Da kika auri Baba kika bi shi cocinsa, aka sake yi miki baftisma a rafi, kika shiga zumuntar mata, har kika zama mai ba da waƙa. Duk wanda ya ji muryarki ranar Lahadi ba zai ce kin taɓa sanin wani coci ba. Abu ɗaya kika taho da shi daga gida, rosarin Kaka, wannan carbi mai baƙaƙen 'ya'ya da ƙaramin gicciye. Ban taɓa ganin kin ja shi ba, sai a shekarar da nake ajin baftisma.

Bazara ce, ana tsakiyar noman rani. Aka tura Baba fadamar Argungu ya gyara wani inji da ya tsaya. Da hantsi direban ofishinsu ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce kububuwa ta sari Baba a ƙafa. Manoman shinkafar da ke wurin ne suka tsallako da shi a kwalekwale suka kai shi wani ƙaramin asibiti. Kina tankaɗen gari kika ajiye rariyar. Kika shiga ɗaki kika fito da gyale da wani ƙulli a bakin zane, kika ce in biyo ki, ƙannena kuma kika bar wa Inna Kulu.

Na tuna yadda muka same shi. Ƙafar ta kumbura har cinya, ta yi sheƙi kamar za ta fashe. Jini na tsattsafowa daga dasashinsa, ana gogewa yana dawowa. Malamin asibiti ya ja ki gefe ya ce allurar dafin ta ƙare, an aika mota Sakkwato, sai dai a yi ta addu'a ta iso da wuri. Muka yi ta addu'a irin tamu. Muka rera waƙoƙi. Washegari rana ta take, mota ba ta dawo ba, Baba kuma ya daina gane mu.

A nan ne kika kwance ƙullin nan. Kika durƙusa a siminti a gefen gadonsa, kika fito da rosarin Kaka, kika fara gaida Maryamu kina maimaitawa, da wata murya da ban san kina da ita ba. Can kika bar addu'ar da kika haddace, kika koma magana kamar tana zaune a bakin gadon. Kika ce, “Uwa, ke ma kin tsaya kin ga jinin naki yana zuba. Ki yi wa Ɗanki magana saboda Ishaya. Yara biyar gare ni, a garin da ba namu ba.” Ina tsaye a bayanki. An koya mini a aji cewa wannan haramun ne. Amma da kika kai ƙarshe, bakina ya ce amin.

Da na juya, sai ga matan zumunta a bakin ƙofa, sun yi hayar mota daga Birnin Kebbi sun zo dubiya. Mama Tabita, uwar zumunta, aminiyarki da kuke sarin albasa tare, ita ce a gaba da kwanon kunu a hannu. Ta dubi rosarin, ta dube ki. Ke kuma ba ki ɓoye shi ba.

Da la'asar mota ta iso da allura. Baba ya rayu.

Ya dawo gida yana dogara sanda, jama'a na ta zuwa barka. Sai wata rana Fasto Dauda ya zo shi kaɗai, ya ce yana son ganin Baba a keɓe. Fasto Dauda ba mugun mutum ba ne, Mama, ke ma kin sha faɗa. Shi ya yi ta faɗi-tashi a ofishin su Baba har aka tura motar nan. Bayan ya tafi, Baba ya kira ki. Ina tsakar gida ina wanki, ƙofa a buɗe.

Ya ce, “Monika, abin da Tabita ta kai gaban Fasto gaskiya ne?”

Kika ce gaskiya ne.

Ya ce, “A kaina? Ni ina kwance ban san inda nake ba, ke kina kiran sunan wata a kaina?”

Kika ce, “Da ka ce matan zumunta su riƙa yi maka addu'a, raina Yesu ka yi?”

Ya ce ai su rayayyu ne.

Kika ce, “Ita kuma matacciya ce? Ba kai kake koya mana cewa mai ba da gaskiya ko ya mutu yana raye wurin Ubangiji ba?”

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, “Tana raye, ban musa ba, kuma mai albarka ce. Amma wa ya ba ta kunnen jin duniya duka? Mai jin kukan mace a Argungu, ya ji na wata a Jos a lokaci guda, Allah ne kaɗai. In kin ba ta wannan kunne, kin ba ta abin da yake na Allah. Matsakanci ɗaya aka ba mu. Ɗan sarki ba ya kamun ƙafa kafin ya ga ubansa.”

Kika ce, “Ranar nan ban ji kamar ɗiyar sarki ba ce ni, Ishaya. Na ji kamar baƙuwa a bakin zaure. Na kama ƙafar wadda na san tana ciki.”

Tun daga ranar gidanmu ya canja. Addu'ar safe da muke yi tare ta koma a taƙaice, Baba ya karanta aya ya rufe Littafi, kowa ya tashi. Kina ajiye masa abinci, kina wanke masa raunin da ruwan ɗumi, amma ba ku haɗa ido. Ƙannena suka daina wasa a tsakar gida.

Aka kira ki gaban dattawa wata Asabar da rana, a ƙaramin ɗakin da ke bayan coci, kwanon rufi ya ɗauki zafi kamar tanda. Aka ce ni ma in zo. Baba yana cikin masu zaman shari'a. Fasto ya ba shi dama ya fita, ya ce a'a, in ya fita a kan matarsa, da wane baki zai zauna a kan matar wani.

Fasto ya yi magana a hankali. Ya ce ba wanda ke shakkar ƙaunarki ga mijinki. Ya ce amma ke mai ba da waƙa ce, mata na kallonki, kuma tuni wasu sun fara raɗa cewa rosari ne ya tashi Dattijo Ishaya. Kika ce ke ba ki taɓa faɗin haka ba, Yesu ne ya tashe shi. Kika kawo labarin bikin nan na Kana, inda abin sha ya ƙare, uwar ta yi wa Ɗanta magana, ya kuma biya bukatar. Fasto ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, amma tana cikin gidan bikin da jikinta, kuma abin da ta yi a ƙarshe shi ne ta nuna wa ma'aikata shi, ta ce shi za su saurara. Ya ce a duk wasiƙun manzanni bai ga inda aka ce a roƙi wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Kika ce ke ma ba ki ga inda aka ce mutuwa ta hana su ƙaunarmu ba. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce wannan koyarwar Fada ce, limamin Katolika, kike son shigo mana da ita. Fasto ya tsawatar masa.

Abu biyu suka nema. Ki miƙa rosarin, ki kuma tsaya gaban jama'a ki ce abin da kika yi zunubi ne. Kika ce ba za ki ja shi a coci ba, ba za ki koya wa kowa ba, ko 'ya'yanki. Amma na uwarki ne, ba ki bayarwa. Zunubi kuma, kika ce, in kin faɗa kin yi ƙarya, don zuciyarki ba ta gaya miki haka ba.

Sai aka juyo kaina. Fasto ya ce, “Rahila, kin sa baki a addu'ar nan?” Na dube ki, ba ki ɗago ba. Na dubi Baba, idonsa na kan sandarsa. Na ce na ce amin. Fasto ya sauke numfashi ya ce baftismata sai wata shekara.

Aka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Duk suka ce horo: a hana ki Jibin Ubangiji, wato cin gurasa a teburinsa, ki ajiye zanen zumunta, ki koma bencin baya inda masu horo ke zama, har sai kin tuba. Aka zo kan Baba. Ya ce, “Koyarwar ikilisiya daidai ce. Ta yi kuskure. Na yarda da horo.”

Mama, kallon da kika yi masa har yau ina ganinsa. Ba hawaye a ciki. Kika gyara gyalenki kika fita, kika tafi gida a ƙafa ba ki jira kowa ba.

Da yammar nan Inna Kulu ta same ki zaune a bayan madafi, wuta ta mutu ba ki sani ba. Ta ja kujera 'yar tsugune. Da ta ji labari ta riƙe baki ta ce, “Ke Monika, wagga rigima taku ai mu ma ga ta nan gidanmu. Ɗana Umaru ya dawo daga karatu Sakkwato ya ce kamun ƙafa da waliyyai ba shi da asali, ubanai ya kusa korar shi. Yanzu ko masallaci guda ba su zuwa. Halan iska guda ta taso muna.” Ta hura miki wutar da kanta, ta ce ki dafa wa yara abinci, malamai ba su ƙare gardama kafin tuwo ya nuna.

Labari ya kai Gwadangaji, inda wasu 'yan garinmu masu zuwa cocin Fada suke zaune. Mata biyu suka zo suka ce ƙofa a buɗe take, ki dawo gida, me ya yi zafi da za ki zauna a benci ɗaya da waɗanda aka kama da zina da maye. Kawu kuma ya aiko daga ƙauye cewa in Baba ya kasa tsare mutuncinki ki kwaso yara ki taho. Na ga kin sauko da akwatinki daga kan kabad kin kakkaɓe shi. Ba ki sa komai a ciki ba, ba ki kuma mayar da shi ba. Yana nan a tsakar ɗaki Baba yana kewaye shi da sandarsa, bai tambaya ba. Ni kuwa duk sanda na dawo daga makaranta, akwatin nake fara leƙawa.

Lahadin da za a sanar da horon ta faɗo ranar Jibin Ubangiji. Da safe ban san inda za ki nufa ba, cocinmu ko na Fada ko tasha. Kika yi wanka, kika ɗaura atamfarki ta gida, kika ninke zanen zumunta kika ba ni ki ce in miƙa wa Mama Tabita. Muka fito. A mararraba kika tsaya ɗan jim, sannan kika bi hanyar cocinmu.

Coci ya cika maƙil, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Sakatare ya karanta sanarwa, ya kira cikakken sunanki. Kika tashi daga cikin matan zumunta, kika bi tsakiyar coci a hankali, kanki a miƙe, har bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Wani saurayi da ke zaune a can ya matsa miki. Ina cikin mawaƙa, na kasa buɗe baki.

Aka yi wa'azi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Aka yaye farin ƙyallen da ke kan tebur. Dattawa suka miƙe don karɓar farantan gurasa su raba wa jama'a. Baba ya miƙe tare da su. Fasto ya miƙo masa nasa farantin, bai karɓa ba. Ya juya ya sauko daga gaban bagadi. Ba abin da ake ji a cocin nan sai ƙarar sandarsa a siminti da jan ƙafar da maciji ya sara. Wata tsohuwa ta ce, “Yesu!” Fasto ya kira sunansa a hankali, bai waiga ba. Ya wuce maza, ya wuce mata, ya zo bencin baya ya zauna kusa da ke, ya ɗora sandar a cinya.

Da faranti ya zo layin da ke gabanku, mai rabo ya tsaya yana duban Baba. Baba ya girgiza kai.

Bayan an tashi, dattawa suka kewaye shi a ƙarƙashin dogonyaron da ke harabar coci. Suka ce ko ya janye maganarsa ne ta ranar Asabar. Ya ce, “Ban janye ko harafi ba. Ta yi kuskure, kuma zan ci gaba da gaya mata. Amma a kaina ta yi shi. Ba zan ci a teburin nan tana kallona daga baya ba. Duk ranar da kuka dawo da ita, ku dawo da ni.” Wanda ya ɗaga miki murya ranar Asabar ya ce ashe mace ta fi ƙarfin dattijo. A ranar Baba ya ajiye dattijantakarsa, ba a kuma sake zaɓensa ba har abada.

Na zaci za ki ji daɗi. A hanya kika balbale shi da faɗa. Kika ce, “Da bakinka ka yanke mini hukunci, yau kuma ka zo ka ƙara tara mini ido. Wa ya aike ka?” Ya ce ba wanda ya aike shi. Kika ce to ya riƙa tafiya a hankali, ƙafar za ta sake kumbura. Da muka isa gida kika ce in mayar da akwatin kan kabad.

Kun yi damina guda cur a bencin nan, ruwa na feso muku ta ƙofa. A ƙarshe Fasto Dauda ne ya nemo mafita. Ya ce ki tsaya gaban jama'a ki shaida cewa Yesu kaɗai ne Mai Ceto. Kika ce wannan ai ba ki taɓa musu ba, kika tashi kika faɗa da ƙarfi. Dattawa suka ce kin tuba, ke kika ce ba abin da kika janye, kowa ya riƙe nasa. Mama Tabita ta dawo miki da zanenki a goge. Ba ta ba ki haƙuri ba, ta ce ko yau ta sake gani za ta kai gaba, don ranki take ji wa tsoro. Kun ci gaba da gaisawa, amma sarin albasa tare bai dawo ba.

Gardamarku da Baba kuwa ba ta ƙare ba. Bayan an mai da aikinsa Argungu muka koma can, ku kan zauna da yamma a ƙofar ɗaki kina tsince shinkafa, shi da Littafi a cinya, ya ce ga wata aya ya samo miki. Ke kuma ki ce ya karanta gabanta da bayanta tukuna.

Da ciwon ajalinki ya yi tsanani, kafin a raba jiha da kaɗan, kin kira shi kin ce kina son a yi miki addu'a irin wadda aka yi wa Kaka. Ya hau babur ɗinsa da rana tsaka ya tafi Birnin Kebbi, ya goyo katikis, mai koyar da addini a cocin Fada. Ya shigo da shi har bakin gadonki, sannan ya fita ya tsaya a tsakar gida yana tasa addu'ar da ƙarfi, cikin sunan Yesu kaɗai. Ni ina bakin ƙofa, murya biyu na shiga kunnena.

Mama, ga labarin da na bari sai ƙarshe. Baba ya biyo ki a daminar nan, a hannuna, da tsufa mai kyau. Bai sake aure ba. Ana gobe zai tafi na tambaye shi ko yana tsoro. Ya yi dariya ya ce, “Tsoron me? Sauri ma nake. In na isa na gaida Ubangijina, sai in nemi uwarki in ji wa ya yi gaskiya tsakaninmu. In ni ne, ba zan yi mata gori ba. In ita ce, na shiga uku.”

To yanzu ku biyu kun san amsar, mu ne muka rage a duhu. Ni har yau a cocin Baba nake, kuma cikin sunan Yesu nake roƙo. Ban sani ba ko kina jin wannan wasiƙa, don haka ba zan roƙe ki komai ba. Kewarki ce kawai ta yi mini yawa.

Ubangiji wanda ya ji kukanki a Argungu, ko ta wace ƙofa ya shiga, ya ci gaba da riƙe ki cikin salamarsa, ke da Baba. Ya gafarta mana inda muka karanta Maganarsa a karkace, ya hana mu yanke zumunci a kanta. Ya tsare 'ya'yanku da jikokinku, ya tara mu a teburinsa ranar da ya ga dama. Amin.

In Baba ne ya yi gaskiya, ki yi haƙuri da shi. In ke ce, ki sassauta masa.

Taki har kullum,
Rahila